Yajin Aikin Mai Magani

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar watan Agusta, cikin dogon hutun da na gama aji biyar na firamare, na yi abin da har yau in an taru a gidanmu na Haɗejiya sai wani ya tono shi. Ruwan safe ya ɗauke, tsakar gida ta jiƙe sharkaf, hayaƙin bandar kifin maƙwabta yana ketowa ta saman katanga, manya sun tafi kasuwa, mu kuma muna zaure mun kewaye wani faffaɗan kwali da muke wasa a kai. Yayana Kabiru ya ɗaga ɗan ludo zai jefa, ni kuwa na kai hannu na fizge shi, na dunƙule, na tashi na zauna daram a tsakiyar kwalin, da jiƙaƙƙen zanena da komai. Bukar da Talatu, 'ya'yan baffanmu, suka saki baki. Yaya Kabiru ya ce, "Dije, tashi." Na ce ba inda za ni. Ya sake faɗa da muryar da yake korar awaki da ita, ko gezau ban yi ba. A ƙarƙashin gwiwata akwai wani jan murfin kwalba, kuma na riga na rantse a raina ba wanda zai ɗauke shi daga kan kwalin nan.

Wasan ya shigo gidanmu ne ta dalilin yajin aiki. Malaman jami'a sun rufe makaranta, aka koro mana Yaya Kabiru daga Kano da jakar kaya da zaman banza, sai ya zo da wani wasa da ya koya wurin abokin ɗakinsa. Ba dara ba ne, ba ludo ba ne, ko da yake da ɗan ludo ake yin sa, ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa. Mutum ɗaya ne mai labari, shi ke faɗin inda aka shiga da abin da aka tarar, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Yaya ya samo kwalin da aka kawo injin ban ruwa a ciki, ya buɗe shi, ya zana gari da daji da gawayi, ya keta tsakiya da kogi, wanda ya shafa da bular wankin Ummanmu, abin da ya jawo masa faɗan da bai manta ba. Tsinken tsintsiya ya zama kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, murafen kwalba suka zama mutane. Ƙarfin jikin kowa kuwa 'ya'yan tsamiya ne da muke tsincewa bayan an dama kunu. In kura ta cije ka a labari, mai labari ya ɗebe maka wasu, in suka ƙare ka mutu, a cire murfinka. A Kano, in ji Yaya, masu warkarwa a wasan da tsafi suke yi, amma ya san in kalmar ta shiga kunnen Baba, da kwalin za a hura wutar dare, saboda haka a zaurenmu sunan abin magani.

Bukar ya ɗauki mayaƙi, don shi a rayuwarsa ma duk abin da ba duka a ciki bai dame shi ba. Talatu ta ɗauki ɓarauniya mai hawa katanga. Ƙanena Sani, wanda yake bi na, ya zaɓi maharbi da jan murfi. Ni aka bar mini mai magani, don ba wanda yake so, kuma sai na gama wanke-wanke da ɗebo ruwa a famfon unguwa da kai wa Baba abinci rumfarsa ta kifi kafin in zo, na tarar an gama rabo. Na ji haushi ƙwarai. Amma Sani ya ce gara ni, don ni ce na iya. Gaskiyarsa ne. Sani da sikila aka haife shi, kuma tun ban kai in ɗauki tulu ba na san yadda ake gasa masa gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi, na san launin da idonsa yake komawa kafin ciwon ya tashi. Ba ya langa, ba ya ƙwallo, ba ya bin yara wanka a kududdufi, in an yi ruwa a ɗaki yake wuni cikin rigar sanyi yana leƙen mu ta taga. A kan kwalin nan ne kawai na taɓa ganin Sani yana gudu. Maharbinsa ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana gaba, ya hau bishiya, ya faɗa rami, ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa, ni kuma ina biye ina mayar masa da 'ya'yan tsamiyarsa ina zaginsa.

Dokar Yaya a kan magani ɗaya ce, kuma ba ya wasa da ita: sai murfina ya taɓa murfin mai ciwo kafin in warkar da shi. In mayaƙi ya faɗi a tsakiyar 'yan fashi, to dole in kutsa cikinsu, ni da ba ni da ko sanda. Na sha ƙorafi, ya ce haka abin yake har a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi. To, ranar da Sani ya yi wasansa na ƙarshe kafin tafiya, maharbinsa ya saci jirgi ya tsallaka kogi shi kaɗai, wai zai leƙo gidan wani sarkin kada. Kadan ya fasa jirgin, ya kama shi a cinya, da ƙyar ya ja jiki ya fita a ɗaya gaɓar da ɗan tsamiya guda ɗaya tak. Ana nan aka kira magariba, aka tashi. Washegari da safe Umma ta tafi da Sani ƙauyen iyayenta can bayan Auyo, bikin sunan ƙanwarta, da niyyar su kwana biyu su dawo. Yana hawa bayan babur ya waiwayo ya ce mini, "Yaya Dije, kar ki bari ya mutu."

Ba su dawo ba. Sama ta buɗe kamar an huda ta, kogi ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin shinkafa, ya yanke hanyar ƙauyen, sai jirgi kawai ke zuwa, shi ma sai ya yi ta kewaye kacalla. Sanyin ruwan ya tayar wa Sani da ciwonsa. Waya a ƙauyen sai an hau wani tudu ake samun ta, shi ya sa labari yake zuwa mana gutsure-gutsure. Na laɓe bayan rumbu na ji Baba yana cewa ba za a sa yaro mai wannan ciwo a jirgi ruwa yana dukansa ba, a bari a ga abin da Allah zai yi. Kakarmu Yagana, mahaifiyar Baba, wadda iyayenta suka taso daga bakin Tafkin Chadi, ta daina cin goro, ta koma kan buzunta, in ta yi magana ma rabi da Barbarci take yi, alamar ranta ba daɗi. Ni kuwa ba wanda ya ce mini komai, don a ganinsu yarinya ce. Tsoro ya kama ni. Duk sanda na wuce ta zaure sai na tsaya na duba jan murfin nan, yana can tsallaken bula shi kaɗai da ɗan tsamiyarsa.

Da kwanaki suka ja, Bukar da Talatu suka gaji da jira, suka matsa a ci gaba da wasa. Ranar Lahadin nan Yaya ya shimfiɗa kwali ya yi bayani dalla-dalla. Maharbi yana zubar da jini, jirgi ya fashe, mai magani ba ta da hanyar tsallakawa, don haka in ya jefa ɗan ludo aka shiga sabuwar rana a labari, ɗan tsamiyar ƙarshe zai tafi. Ya ce ba komai, in Sani ya dawo sai ya ɗauki sabon mutum. Kalmar "in" ɗin nan ita ta tayar mini da hankali, ita ta zaunar da ni a kan kwalin. Na ce daga nan gaɓar zan warkar da shi. Yaya ya ce ba a yi. Ya zauna ya yi mini bayani, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, maganarsa da ma'ana. Ya ce, "In mai magani za ta zauna a inuwa ta warkar da kowa daga nesa, wa zai ƙara jin tsoro? Wasan da ba tsoro ai tatsuniya ce. Darajarki a wasan nan ita ce kina shiga inda ake sara. Zumunta a ƙafa take, Dije." Na ce to in ruwa ya cinye hanya, sai zumuntar ta mutu? Ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya ce ya yi mini sassauci, maganina zai iya kai taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya in an buɗe hannu. Na sauka na gwada, hannuna bai kai ko rabin kogin ba. Ya ce a auna da nasa. Ya ware yatsunsa har suna rawa, saura kaɗan, bai kai ba. Na ce ni ba na son awo ma gaba ɗaya, ko taƙi ko kamu, don ba wanda ya auna nisan Auyo kafin ya kai ƙanena can.

Yaya ya tsaya kan bakansa, ni ma na tsaya kan nawa. Na ba shi ɗan ludonsa, bisa sharaɗin rana ba za ta faɗi a tsallaken kogi ba sai an gama shari'a, sannan na sanar da su abin da na koya wurin malamansa: na shiga yajin aiki. Zan zauna, murfina zai bi su duk inda suka je, amma ba wanda zan warkar. Bukar ya yi dariya ya ce mayaƙi ba ya bukatar mai jiƙe-jiƙe. Kafin a yi nisa kura ta rage masa tsamiya, ƙaya ta soki ɓarauniyar Talatu, wani ƙazamin faɗa da 'yan fashi ya bar su duka biyun a bakin mutuwa, ni kuwa murfina yana manne da nasu, hannuna a naɗe, ina kallon azara. Wasa ya tsaya cik, don ba mai ƙarfin halin shiga daji da ɗan tsamiya biyu. Bukar ya zo mini da goruba, na ci gorubar na ce ban janye ba. Talatu ta daina yin 'yar carafke da ni, ta bar mini kitso rabi a kai. Aka kai ƙarata wurin Yaya aka ce taurin kaina ya yi yawa, ya ce ya sani, tun ina goye ya sani. Na yi kunnen uwar shegu da su duka, ko da yake a ɓoye nakan shiga bayan ɗaki in yi kuka in wanke fuska in fito.

Kaka Yagana ce ta raba gardamar, ba tare da ta san kan wasan ba. Tana zaune bakin zaure tana ɗure rubutun da malamin unguwa ya wanke wa Sani a cikin gora, wanda wani masunci abokin Baba zai kai a jirgi tare da ƙwayoyin asibiti. Ta ji muna ta ja-in-ja, na juya na ce, "Kaka, ba ga shi ke ma daga nan kike aikawa ba?" Ta harare ni ta ce kada in kuskura in haɗa sunan Allah da murfin kwalba. Ta ɗaure bakin gorar, sannan ta dubi Yaya ta ce, "Kai Kabiru, hannu ne ke da iyaka. Wanda ya damu da mutum ba ya rasa abin aika masa. Sai dai mai aike ba ya ganin isar saƙonsa, wannan ita ce wahalarsa." Yaya ya daɗe yana kallon kwalin yana sosa ƙeya. Da ya buɗe baki, sai ya zo da dokar da ban taɓa jin irinta ba a duk wasannin da na sani daga baya. Ya ce magani zai iya zuwa ko'ina, ba awo, amma daga jikina zai fita: in ba da 'ya'yan tsamiyata duka, in bar guda ɗaya. Kuma zai jefa ɗan ludo ya kife shi da ƙoƙo ba tare da kowa ya gani ba, in huɗu ne ko sama maganin ya isa, in ƙasa ne ya faɗa ruwa, ba kuma mai buɗewa sai Sani da hannunsa. Ya ce, "Kin yarda?" Kafin ya rufe baki na tura tsamiyar gabansa. Ban tsaya nan ba, na kwashe su na ƙulle a ƙyalle na bi masuncin da gudu har bakin titi na ce ya haɗa da gorar, ya ce wa Sani na maharbi ne. Mutumin ya jujjuya ƙullin, bai gane ba, ya jefa a aljihu.

Yaya ya jefa ɗan ludon ya kife shi, ƙoƙon ya zauna a kusurwar zaure a kife, na ɗora masa dutse, na zama mai gadinsa. Na kori kaji, na hana a share wurin, na taɓa cizon Bukar a hannu da na kama shi yana ƙoƙarin leƙawa. Na janye yajin aiki, Yaya ya aro wani ɗan ludon, na ci gaba da bin su cikin daji da ɗan tsamiyata ɗaya, kowane jifa ina fargaba, kuma a lokacin na gane abin da Yaya yake nufi da tsoro. Sai da ruwa ya ja baya, hanya ta fito da taɓonta, har an kusa komawa makaranta, sannan wata rana da la'asar muka ji babur a ƙofar gida. Sani ya rame har kansa ya yi masa girma, idonsa rawaya, yana ɗingishi, Umma tana riƙe da kafaɗarsa. Ko ruwa bai sha ba aka ja shi zaure. Ya tsuguna da ƙyar, ya ture dutsen, ya ɗaga ƙoƙon. Ɗigo ɗaya ne. Bukar ya fara cewa ai doka doka ce, Talatu ta zungure shi. Sani ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya zaro ƙyallen nan, ya yi baƙi ƙirin don riƙo, ya kwance, ya zuba 'ya'yan tsamiyar kusa da jan murfinsa. Ya ce, "Ni dai sun iso gare ni." Yaya Kabiru ya dubi ɗan ludon, ya dubi ƙanensa, ya ɗauke ɗan ludon ya sa a aljihu, ya gyara murya ya ce, "To, maharbi ya buɗe ido, ya ga rana ta fito a kan kogi. Me zai yi?" Sani ya ce zai koma gidan kadan.

Yau ni ma sana'ata ke nan a gefen koyarwa, tsara irin wannan wasa da harshenmu da dajinmu da koginmu. Muna gwada shi da matasa a Kano, wasu lokutan kuma da mutanen da ban taɓa gani ba, ta waya, waɗanda suka fi ni sanin lissafin abin. Sun gyara mini abubuwa da yawa kuma na karɓa da godiya. Amma duk wanda ya karanta dokokina sai ya tsaya a kan maganin da ba shi da iyakar nisa ya ce in yanke shi, ko in sa masa awo, wai yana ɓata daidaiton wasa. Nakan saurare su har su gama, in ce na ji, in bar shi yadda yake. Yanzu an ɗaga hanyoyi da yawa, waya tana shiga har cikin ɗakunan ƙauyen bayan Auyo, mutum yana ganin fuskar ɗan'uwansa a tafin hannu, yara sun daina sanin jiran labari daga bakin masunci. Duk da haka nisa bai ƙare ba. Sani ya kai shekara ashirin da 'yan kai, ya fara karatun da yake so, sannan ciwon ya tashi wata damina ina Kano, kafin motata ta shiga Haɗejiya an dawo daga maƙabarta. Ina kewarsa, kewa mai nauyi, musamman in na ga yaro yana leƙen ruwan sama ta taga. Masu awo su ci gaba da ware yatsunsu. Ni ina da wanda ba hannun da zai kai gare shi, ba kuma zan ga isar saƙona ba a nan duniya, amma bayan kowace sallah sai na ɗaga hannu na aika.